Kumburin Abena Fosua

Kumasi, 3 ga Mayu, 1994

Kawuna Kwaku Bempa,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya gona, yaya kuma ƙugun nan naka da ba ya jin lallashi? Ina fata ruwan bana bai kakkaɓe maka furen koko ba. Ka gaishe min da Mista Ofori magatakarda, tunda shi zai karanta maka wannan, ka ce masa ya sa tabarau ya nutsu, kada ya yi irin na bara da ya tsallake rabin wasiƙata don masu koko sun yi layi a bakin ma'auni.

Ni kuwa lafiya... a'a, ba zan yi maka ƙarya ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan ina kwance a babban asibiti, kwalejin malamai ma ta san da zamana a nan. Abin ya faro tun kafin Ista. Takalmi ya soma matse ni, na ce ai fufu ne ya karɓe ni. Da safe in tashi idanuna a kumbure, 'yan ɗakinmu su yi ta min tsiya wai saurayi ne ya gudu ya bar ni da kuka. Saurayin wa? Daga nan ƙafa ta yi suntum, in na danna da yatsa sai ramin ya tsaya ya ƙi cikowa. Fitsari kuma, ka gafarce ni Kawu, kumfa yake kamar an kaɗa sabulu a ciki. Ga wani ja da ya kwanta min a kan hanci da kumatu, ga gaɓoɓi suna ciwo, alli ma da ƙyar nake riƙewa.

Likita Sarpong, wanda yake duba ni, ya ce ƙoda ce. Wai a cikin kowace ƙoda akwai 'yan rariya dubu-dubai masu tace jini, nawa sun fara yoyo, abin da ya kamata ya zauna a jini yana bin fitsari yana tafiya. Yana zargin garkuwar jikina ce ta ruɗe, ta juya tana yaƙar ƙodar da aka ba ta tsaro. Amma ya ce zargi daban, sani daban. Maganin da ke kwantar da garkuwar yana da ƙarfi kuma yana da illa, ba ya ba da shi da ka. Sai ya sa allura ta bayana ya ɗebo ɗan ƙaramin abu daga ƙodar, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a kai Accra a duba, sannan ya san abin da yake yaƙa.

Akwai takardar da za a sa wa hannu kafin a yi. Na ce masa ni ba ni da uwa, yayan uwata shi ne kan gidanmu, kuma ba a taɓa jikin 'yar dangi da ƙarfe sai ya buɗe baki. Ya ce to in hanzarta.

Kawu, tsoro nake ji, ba kaɗan ba. Ka aiko min da kalma ɗaya tak, ka ce "to".

Taka,
Abena Fosua


Dabaso, 25 ga Mayu

Malama Abena,

Ni ne kawunki nake magana, Ofori yana rubutawa. In kin ga wata kalma ta karkace, hannunsa ne, ba bakina ba. Muna nan lafiya. Ƙugu yana nan yadda kika bar shi, koko ya yi fure har ya ba ni tsoro. Takardarki sati biyu ta yi a hanya, motar kaya ce ta kafe a taɓo, direban ya bar jakar wasiƙu a wani ƙauye ya tafi neman masu turi.

Yanzu ki buɗe kunne. Ofori ya ce min likita zai cire miki ƙoda ya aika Accra. Na ce ya sake karantawa, ya ce lokacin awo ya yi, amma dai abin da ke ciki ke nan. Ƙoda? Accra? Me mutanen Accra za su yi da ita, miya? Wanda ya halicce ki biyu ya ba ki, don ya san biyu kike bukata. Ban yarda ba. Ki faɗa wa likitan haka, in bai ji ba ki ce masa ina da adda kuma na san hanyar Kumasi.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Kin ce ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura. Abena, ke ba yarinya ba ce, a garin nan kika girma, kin san abin da ke kumbura mutum. In aka kai ƙarar mutum wurin kogi, da ƙwai da kwalbar giya, ta ƙafa kogin yake shiga, ya yi ta hawa har ya kai ƙirji. Allura ba ta fitar da shi. Sai wanda ya kai ƙarar ya koma da bakinsa ya janye.

To ki faɗa min tsakaninki da Allah, wa kika taɓa? Kin ɗauki abin wani? Kin rantse a kan ƙarya? Ko mijin wata ne ya yi miki murmushi kika mayar? Ba dukan ki zan yi ba, na tsufa da wannan. Na dai tuna a Kirsimeti kun yi cacar baki da Maame Nyanta a kan akuyarta da ta cinye miki gwaza, kika faɗa mata abin da ba a faɗa wa mai furfura. Gobe da ita zan fara.

Ga kifi mai gishiri irin wanda kike so, da ayaba. Ki ci, ki bar kuka, kawunki bai mutu ba.

Kwaku Bempa


Kumasi, 2 ga Yuni

Kawu,

Na gaishe ka, na gode da saƙo, Allah ya ƙara wa kokon albarka. Ayabar na cinye. Kifin kuwa masu jinya ne suka raba, don an hana ni gishiri ko na taɓawa da harshe. Da ido na raka shi har bakin ƙofa.

Mista Ofori, da kai nake yanzu. Don girman Allah ka ajiye ma'auni, ka zauna, ka karanta masa layi-layi. Babu wanda zai cire ƙoda. Ɗan siririn abu ne za a tsakuro da allura, idona biyu, cikin 'yan mintoci, in kwanta rigingine yini ɗaya, shi ke nan.

Kawu, tambayarka ta ƙona min rai. Mijin wa? Ni da gashin kaina ma ya ƙi zama da ni, kowace safiya sai na tsince shi a kan matashi? Na yi kuka har tsohuwar da ke gadon kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi. Maame Nyanta na zage ta, gaskiya ne, amma washegari na je na durƙusa, ta ɗaga ni har da ba ni lemo biyu. Bayan ita ban san kowa ba.

An ba ni ƙwayar da ke sa fitsari, ƙafar ta ɗan saɓe har na fara murna. Likita ya ce kada in ruɗi kaina, ruwa kawai aka kwashe, rufin yana nan yana yoyo. Ƙwayar garkuwa mai sauƙi da ya fara gwada min ma ba ta riƙe abin ba. Duk ranar Litinin ana ɗibar jinina, ya rubuta wata lamba a kati, lambar dattin da ƙoda ta kasa fitarwa. Kowane sati sai ta hau. Yanzu tun ranar Asabar cikina ya fara ɗurar ruwa.

Jiya ya tsaya a ƙarshen gadona ya ce, "Malama, ina kawun nan naki?"

Na ce, "Yana hanya, likita."

Ya ce, "Hanyar tasa da tsawo. Ki ji, rariyar da ta kumbura ana iya ceto ta. Wadda ta mutu ta zama tabo, ko wa kika kira ba ta dawowa. Duk satin da muka zauna jira, wasu suna tsallakawa daga nan zuwa can."

Na ce to ya ba ni babban maganin mana, a huta. Ya ce ciwon nan iri-iri ne, wani ƙwaya ta ishe shi, wani sai ƙarin ruwa mai ƙarfi wanda kan taɓa mahaifa, shi kuma ba zai yi caca da 'ya'yana ba alhali bai gani da idonsa ba.

Ka ji ko, Kawu? Ni kaɗai ce macen da ta rage a ɗakin kakata, kuma tunda ta wajen uwa muke ƙirga dangi, in ba ni, gidanka ya tsaya a kanka. Ka taimake ni ka amsa da wuri.

Abena


Dabaso, 28 ga Yuni

Abena,

Muna lafiya, sai dai gada ta tafi da ruwa, kwana goma sha tara ba mota. Wannan ma wani mai keke ne zai tsallaka da ita a kwalekwale.

Ofori ya karanta a hankali wannan karon, ya kuma ce in gaya miki ya ji zagin. Na gane ba duka za a cire ba. Amma allura a baya, allura ce.

Na je wurin Maame Nyanta. Ta rantse, ta yi kuka, sannan ta biyo ni da taɓarya har bakin coci, wai ni ma sai ta kai ni ƙara tunda na ɗora mata maita. Ba ita ba ce. Daga nan na je wurin mai kula da kogi da kaza fara. Aka yanka aka jefa, ta yi ta birgima, ta mutu rub da ciki. Kin san ma'anarsa, kogi bai karɓa ba. Na sake kawo wata, ita ma haka. Mai kula da kogin ya ce sai kin zo da ƙafarki an yi miki wanka a bakin ruwa.

Yanzu zan faɗa miki abin da na ce wa Ofori in maganar ta fita daga rumfar nan zan cire masa kunne. An ce miki zazzaɓi ne ya kashe uwarki Yaa Dufie kina shekara shida. Ba zazzaɓi ba ne. Haka ta kumbura, ƙafa, fuska, ciki. Dattawa suka ce a kai ta kogi, na ƙi, don lokacin ina jin kaina wayayye. Na goya ta a bayana har bakin titi, na kai ta asibiti, suka miƙo min takarda na dangwala yatsa. Kwana tara ta yi. Da muka dawo da gawar gari ya ce ai ga shi nan, kogi ya ci bashinsa. Kin san wanda kogi ya kashe ba a yi masa makoki, ba a buga masa ganga, ba a ɗaura masa jan zane. Mu huɗu muka binne ta a bakin daji kamar mun sato ta. Ƙanwata, wadda na goya tun tana jaririya. Har yau ban san laifin da ta yi ba, ta tafi ba ta faɗa min ba.

Yatsan nan nawa ba zai sake taɓa takardar asibiti ba, bakina kuma ba zai ce "to" ba. Sau ɗaya ya isa.

Ki tattara ki taho gida da zarar an gyara gada. Zan tsaya a bayanki ko me kika yi, ko gonar ce sai in bayar. In kuwa kin ƙi, to kin nuna min kin yi girman da ba ki bukatar kawu.

Kwaku Bempa


Kumasi, 7 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sa ruwa bai shiga rumfar shanya ba.

Wasiƙarka ranar Asabar ta iso. A bayan gida na karanta ta, sau uku, don kada a ga fuskata. Shekara goma sha shida, Kawu, ina tambaya me ya sa ba a taɓa kai ni kabarinta ba, kuna ce min nisa ne.

Ranar Litinin na tashi numfashi yana min wuya, fitsarin ya ragu, ya koma launin baƙin shayi. Aka ɗebi jini, lambar ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba. Likita Sarpong ya ja kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Ba zan ƙara tambayar kawunki ba. Shekarunki ashirin da biyu, hannunki ya isa. Ke nake tambaya."

Na sa hannu, Kawu. Sunana ya fito a karkace kamar rubutun Mista Ofori.

Shekaranjiya aka yi. Aka kwantar da ni rub da ciki, aka yi min allurar kashe zafi, ya ce in ja numfashi in riƙe. Na ji ƙas, sau biyu. Ya nuna min abin a 'yar kwalba, siriri kamar guntun zare. A kan wannan muka ci wata biyu! Ƙodata biyu suna nan inda Allah ya ajiye su. An tura kwalbar Accra, sai nan da sati uku ko huɗu.

Ba zan zo kogi ba. Ba raini ba ne, ko zuwa bakin ƙofar ɗakin nan sai an riƙe ni. Na san na tsallake maganarka, kuma a gidanmu ba a taɓa yi ba. Ban yi girman da zan ƙi bukatar kawu ba, numfashi ne ya gagare ni. Ka yafe min.

Abena


Kumasi, 9 ga Agusta

Kawu,

Ina fata lafiya. Na ce ina fata, don ban sani ba. Sati biyar ba kalma. Na aiki wata mai jinya tasha ta tambayi direbobin hanyarku, suka ce an gyara gada tun tsakiyar Yuli, wani ma ya ce ya gan ka kana shanya koko, ƙalau. To ba ruwa ba ne ya riƙe amsar, kai ne. Duk sanda mai raba wasiƙu ya shigo sai in juya fuskata bango, don kada ya gaji da ce min babu.

Sakamako ya zo. Ko ka so ko ba ka so, sai na faɗa maka, don ba ni da wani da zan faɗa wa. Sunan ciwon lufus, kuma zargin likita ya tabbata, garkuwata ce take cin ƙodar, irin mai zafin ne. A ɗan zaren nan sun ƙirga rariya goma sha takwas. Biyu lafiyayyu. Goma sun kumbura amma da ransu. Shida sun mutu, sun zama tabo. Ya ce abin da ke cikin zaren shi ne hoton ƙodar duka biyu, wato kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi min ƙarin ruwan farko. Sau shida za a yi, wata-wata, ga ƙwayoyi kullum da safe. Kwana biyu na yi ina amai. Maganar mahaifa ya ce a shekaruna akwai fata, amma bai yi min alkawari ba. Jiya Litinin lambar ta tsaya, har ta sauko kaɗan. Na sa ya nuna min katin sau biyu. Ina gargaɗinka tun yanzu, ƙwayoyin suna sa fuska ta yi kewaye kamar faranti, in ka gan ni kada ka ce kogi ne ya iso kai.

Na ba shi labarin uwata. Ya ce ba zai rantse a kan wadda bai gani ba, amma ciwon nan mata ya fi kamawa, kuma wani lokaci yakan bi jini. Ya ce in tambaye ka, ko akwai ja a kan hancinta da kumatunta? Ko gashinta ya zube?

Ka zage ni, Kawu. Ka sa Mista Ofori ya cika shafi biyu da zagi, zan karanta. Shirun nan ne ba zan iya ba.

Abena


Dabaso, 21 ga Agusta

Abena, 'yar ƙanwata,

Lafiya muke.

Akwai. Jan yana nan a fuskarta, a kan hanci da kumatu, muka ce rana ce ta gona. Gashinta ma ya zube, ta riƙa ɗaura kallabi har cikin ɗaki. Yatsunta suna ciwo, ni nake ɓare mata rogo.

Takardar da kika ce kin sa hannu, na yi fushi. Na ce wa Ofori ya rufe alƙalami, wadda ta yanke wa kanta hukunci ba ta bukatar amsa. Na zauna jiran a zo min da mugun labari, don in ce ai na faɗa. Wannan shi ne gaskiya, kuma ina jin kunyarsa. Da ta biyun ta zo na sa ya karanta sau huɗu, ya bar mutane a layi suna zaginsa. Ashe Dufie ba ta faɗa min laifinta ba ne don babu laifin. Shekara goma sha shida ina kallon matan gari ɗaya bayan ɗaya ina cewa wace ce a cikinsu, ina kuma jin haushin matacciya. Jiya na ɗauki adda na share wurin da take. In kin warke za a yi mata makoki da ganga, wanda bai so ba ya toshe kunne.

Yanzu ga tambayata, ita ce ta hana ni sakat. Shida kika ce. Na ƙirga su da ƙwayar koko a kan tabarma, na ware shida gefe, na kasa mayar da su buhu. Ki tambayar min likitan nan: ranar da takardarki ta farko ta iso, da na ce "to", nawa ne a cikin shidan za su rayu? Ki rubuto min yadda ya faɗa. Kada ki sa zuma, ni ba yaro ba ne.

Kawunki,
Kwaku Bempa


Kumasi, 1 ga Satumba

Kawuna,

Na gaishe ka. Mai raba wasiƙu har rawa ya taka da ya miƙo min takardarka. An yi ƙarin ruwa na biyu shekaranjiya, lambar ta ƙara saukowa, ƙafata ta shiga takalmi. Sati mai zuwa za a sallame ni in koma kwaleji, in riƙa zuwa wata-wata.

Na tambayi likita. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce babu ɗan Adam da zai iya ƙirga wannan, wataƙila wasu sun mutu tun kafin in zo asibiti. Na ce kawuna ya ce kada a sa zuma. Ya mayar da tabarau ya ce, "Da ba su kai shida ba."

To ka ji yadda ya faɗa. Amma kada ka ɗauka kai kaɗai, don akwai abin da na ɓoye maka. Ba a watan Yuli ya fara ce min hannuna ya isa ba, tun ranar farko ya faɗa. Alƙalamin yana kan akwatin gadona wata biyu. Ban ɗauka ba don tsoron allurar nake, kuma cewa "kawuna bai yarda ba" ya fi min sauƙi a baki da cewa "ina tsoro". Saboda haka ka raba ƙwayar kokon nan, uku naka, uku nawa. Sha biyun da suka rage su ne aikin da ke gabanmu.

Ƙarin ruwa na uku ranar Talata ne, 27 ga wata, ƙarfe takwas na safe. Yini guda ake yi, aman yana farawa wajen la'asar. Kowa a ɗakin yana da mai riƙe masa kwano, ni sai in masu jinya sun samu sarari. Ɗakin mata na biyu ne, gadon da ke bakin taga.

Taka,
Abena